Sojan da Ya Baro Ƙafarsa a Daji, Ina Zai Kai Ƙara?

Yau ina so mu ɗan ajiye maganar siyasa da tsadar masara a gefe, mu tattauna wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da sojojinmu da suka nakasa a bakin daga suke shiga idan sun tashi neman haƙƙinsu. Kowa ya san kuɗin ba su da yawa, kowa kuma ya san ana jinkirin biya. Amma a ganina akwai abin da ya fi waɗannan biyun ciwo: idan aka ce wa tsohon soja bai cancanta ba, ko aka rage masa abin da ya kamata ya samu, ko kuma aka yi masa shiru kawai, babu wata ƙofa mai sauƙi, wadda ba ta ƙarƙashin waɗanda suka hana shi, da zai je ya ƙwanƙwasa. Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ƙoƙarin kawo dalilaina.

Mu da muke zaune a Mairi, gab da Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, wannan ba labarin nesa ba ne a wurinmu. Titin da ya wuce ta gabanmu shi ne ya miƙe zuwa Konduga da Bama da Gwoza, ya ratsa gefen dajin Sambisa. Barikin Giwa ba shi da nisa da mu, kuma waɗanda suka riga ni zama a unguwar har yau suna ba da labarin safiyar da aka kai masa hari a watan Maris na 2014. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, aka kafa Runduna ta 7 a barikin Maimalari a 2013, sunan aikin ya sauya daga Zaman Lafiya zuwa Lafiya Dole a 2015, ya koma Haɗin Kai a 2021, abu ɗaya ne bai sauya ba: motoci suna fita da samari masu ƙafa biyu da ido biyu, wasunsu kuma ba haka suke dawowa ba. Wanda nakiya ta tashi da shi akan fara duba shi a asibitin barikin Maimalari, idan abin ya yi tsanani a wuce da shi asibitin soja na 44 da ke Kaduna. Har zuwa nan akwai hanya sananniya. Daga ranar da likita ya ce ba zai iya komawa aiki ba, a nan ne hanyar take shiga duhu.

A rubuce dai tsarin ba shi da laifi. Akwai dokar fanshon soja da ta samo asali tun 1979. An taɓa haɗa sojoji cikin tsarin fansho na adashi da aka kawo a 2004, sannan aka fitar da su a 2011, wato yanzu gwamnatin tarayya ce kai tsaye take ɗauke da nauyinsu ta hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja. Sojan da ya samu rauni yakan gurfana gaban kwamitin likitocin soja, su auna yawan nakasar da ya samu, su kuma duba ko a bakin aiki ya same ta. Abin da suka rubuta shi ne tushen duk abin da za a biya shi. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya kare haƙƙin fansho, har ya ce a riƙa sake duba shi duk bayan shekara 5, ko kuma duk lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. To, mai karatu, ka lura da wani abu: rayuwar mutum gaba ɗaya, da kuɗin makarantar 'ya'yansa, da hayar ɗakinsa, duk sun rataya ne a kan takarda ɗaya da wasu mutane suka sa wa hannu a rana ɗaya. Idan sun yi daidai, madalla. Idan sun yi kuskure fa? Likita ɗan Adam ne. Rauni kuma ba ya tsayawa inda aka bar shi. Ɓaraguzan ƙarfe da ke cikin cinya yau suna iya hana mutum tafiya nan da shekara goma, kunnen da ƙarar igwa ta taɓa yana iya toshewa ɗungurungum bayan an yi sallama.

Akwai wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya, kowa Baba Saje yake ce masa, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya a shekarun 1990. Kunnensa na hagu ba ya ji, ƙugunsa kuma yana hana shi sujada sai a kan kujera. Lokacin ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 yana zaune a wata unguwa da ruwa ya shanye, kuma akwatin da yake ajiye takardunsa ya tafi. Da ya je wani ofishi neman a sake duba lafiyarsa saboda ciwon ya ƙaru, sai aka ce ya kawo rahoton asibitin da aka fara kwantar da shi shekara talatin da suka wuce. Na ce masa, "Baba, ai su ya kamata a ce suna da shi." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, su suka ɗauke ni, su suka tura ni, su suka kwantar da ni, su suka sallame ni, amma ni ne zan kawo shaidar cewa an yi haka." Ban samu abin da zan ce masa ba. A cikin wannan jimla tasa akwai duk abin da nake son faɗa.

Yanzu bari mu duba ƙofofin da ke gaban mutum irinsa. Ta farko ita ce ta cikin gida. Dokar Rundunonin Soja ta tanadi hanyar kai koke, amma hanyar tana bi ne ta hannun kwamanda zuwa na sama da shi. Wannan ya dace da wanda ke cikin kaki, yana da bataliya, yana da wanda zai sara wa. Wanda aka sallama yana zaune a Mairi ko Biu ko Zuru ba shi da kwamanda, kuma ko da yana da shi, gidan da ya yanke hukuncin shi ne zai sake duba kansa. Ta biyu ita ce Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975 domin talaka ya kai ƙarar ma'aikatun gwamnati kyauta. Sai dai dokarta ta hana ta binciken abin da aka yi wa soja ko ɗan sanda a ƙarƙashin dokokin aikinsu. Ta uku ita ce kotu. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraren shari'o'in fansho da garatuti, kuma tsofaffin sojoji suna zuwa can. Amma kotu tana buƙatar lauya, da kuɗin mota, da haƙurin ɗage zama. Mutumin da yake neman kuɗin maganin wannan makon, ta yaya zai riƙe shari'ar shekara uku?

Shi ya sa ƙofa ta huɗu ta zama ita ce aka fi sani: titi. A watan Janairu na 2022 'yan mazan jiya sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja. A watan Satumba na wannan shekarar sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Tsaro suna kwana a can. A Disamba 2024 da Janairu 2025 sun sake komawa Ma'aikatar Kuɗi. Sau da yawa bayan irin wannan zaman dirshan sai a ji an saki wani abu. Darasin da aka koya wa kowa ke nan: takarda ba ta aiki, tare ƙofa ne ke aiki. To amma wa ke iya zuwa tare ƙofa? Mai ƙafa, mai kuɗin mota, mai ƙungiya. Wanda yake kan keken guragu a Maiduguri, tafiyar sama da kilomita 800 daga Abuja, ba ya cikin hoton da jaridu suke bugawa. Wato wanda ya fi kowa buƙata shi ne muryarsa ta fi ta kowa rauni.

Na yi shekaru ina zaune a Amurka kafin Allah Ya dawo da ni gida, kuma na san abin da wasu za su ce: ga ɗan ci-rani ya zo zai fara mana "a can kaza, a can kaza". Ku yi haƙuri ku saurare ni, domin ba kuɗinsu nake so mu kwaikwaya ba. Gaskiya ne a 2024 tsohon sojan Amurka da aka auna nakasarsa ɗari bisa ɗari yana karɓar sama da dala 3,700 a wata, kuma ba mu da wannan. Abin da ya burge ni, wanda na gani a wurin abokan aikina da suka yi yaƙin Iraƙi, shi ne ƙa'idojin da ba sa cin ko sisi. Ana auna nakasa daga sifiri zuwa 100, goma-goma, bisa wani jadawali da kowa zai iya karantawa. Ana aiko wa mutum hukuncin a rubuce tare da dalili. Doka ta ɗora wa ma'aikatar tsofaffin sojoji nauyin taimaka masa wajen nemo takardunsa na aiki da na asibiti. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon sojan gaskiya. Idan bai yarda da hukuncin ba yana da shekara guda ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi uku, bisa tsarin da ya fara aiki a 2019: ya kawo sabuwar hujja, ko ya nemi babban jami'i ya sake dubawa, ko ya tafi gaban hukumar ɗaukaka ƙara da aka kafa tun 1933. A samanta kuma akwai kotu ta musamman da aka kafa a 1988, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar. Sannan a 2022 suka yi dokar da ta ce wanda ya yi aiki a wuraren da aka riƙa ƙona shara mai guba a Iraƙi da Afganistan, idan ya kamu da wasu cututtuka da aka lissafa, ba sai ya kawo hujjar cewa aikin ne ya jawo ba, an ɗauka haka ne kawai.

Kada a ɗauka aljanna ce. A watan Maris na 2013 takardun neman diyya da suka wuce wa'adi ba a duba ba sun haura 600,000, kuma na ga mutanen da suka yi shekaru suna jira. Sojojin Biyetnam sai a 1991 aka yi dokar da ta amsa cewa gubar da aka fesa a dazuzzuka ta cutar da su. Bambancin shi ne, da jinkirin ya yi yawa an san adadinsa, domin ana ƙirgawa ana bugawa, kuma wanda aka hana yana riƙe da takardar da zai kai gaba. Ingila ma tun 1919, bayan yaƙin duniya na farko, ta kafa kotunan sauraren ƙarar fanshon yaƙi. Su ne suka kafa mana sojan nan tun daga tushe, suka kwashi kakanninmu zuwa Burma a runduna ta 81 da ta 82, amma wannan ɓangaren na tsarinsu bai zauna a ƙasarmu ba.

Idan ana son a ga amfanin ƙofar ɗaukaka ƙara, a dubi maƙwabtanmu na Nijar da Chadi da sauran ƙasashen da Faransa ta mulka. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojinta 'yan Afirka, na Bafaranshe yana ƙaruwa, nasu yana tsaye cik. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. A watan Nuwamba na 2001 babbar kotun da ke shari'ar gwamnati a Faransa ta ce an nuna masa wariya. Shi kansa bai ga ranar ba, ya rasu tun 1996, kuma sai a farkon 2011 aka daidaita fanshon gaba ɗaya. Labarin yana da ɗaci, amma ka duba: mutum ɗaya, ba shi da bindiga, ba shi da jama'ar tare titi, ya motsa ƙasa guda saboda akwai alƙalin da doka ta tilasta wa ya saurare shi ya kuma rubuta dalili.

Na san hujjojin da ake kawowa a kan irin wannan magana. Na farko, a ce akwai 'yan fanshon bogi, dole a tsananta. Haka ne, an sha fama da su, kuma tantancewa wajibi ce. Amma ɗan bogi ba ya tsoron duhu, a cikinsa yake rayuwa. Inda babu jadawali a fili, babu wa'adi, babu dalili a rubuce, a nan ne mai hanya yake wucewa, mai gaskiya ya tsaya a layi. Na biyu, a ce babu kuɗi. Ƙasar da take da kuɗin sayen harsashi dole ta lissafa kuɗin ƙafar roba a cikin farashin yaƙin, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na uku, a ce barin farar hula su duba hukuncin soja zai ɓata ladabin aiki. Wanda aka sallama ai ya zama farar hula. Kuma a ganina babu abin da ke karya zuciyar kurtun da ke cikin rami a Damboa kamar ya tuna sajensa na jiya yana yawo da fayil a hannu. Yaran nan suna gani, suna kuma lissafi. Idan suka fahimci cewa ana cin moriyar ganga ne a yada kwaurenta, kada mu yi mamakin abin da zai biyo baya.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata 'yan majalisarmu, musamman na Borno da Yobe da Adamawa, su sa a gaba. A wallafa jadawalin auna nakasa da abin da kowane mataki yake samu, da Turanci da Hausa da sauran manyan harsuna, yadda matar soja za ta iya karantawa. Duk hukuncin kwamitin likitoci a ba mai shi kwafi a hannu, da dalili, cikin wa'adi sananne. Nauyin ajiye takardun aiki da na asibiti ya koma kan rundunar, idan suka ɓace a hannunta kada a hukunta sojan. Wanda ya yi aiki a fagen fama ya fito da kurumta ko raunin nakiya, a ɗauka aikin ne ya jawo sai in an tabbatar da akasin haka. A ba mutum damar neman a sake auna shi idan ciwo ya ƙaru. Sama da duka, a kafa kwamitin ɗaukaka ƙara mai zaman kansa, da alƙali, da likitan da ba ya cikin kaki, da wakilin tsofaffin sojoji, ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, kuma ya riƙa zagayawa yana zama a Maiduguri da Kaduna da Sakkwato da sauran wurare, ba kowa ya kwashi jiki zuwa Abuja ba. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, wadda take nan tun 1964 kuma take da rassa a jihohi, za ta iya horar da mutanen da za su riƙa cika wa 'yan'uwansu takardu kyauta.

Akwai kuma rauni iri biyu da nake tsoron za a manta. Ɗaya shi ne wanda ba a gani. Mutum ya dawo da gaɓoɓinsa cif, amma ba ya barci, ƙarar salansar babur tana sa shi kwanciya a ƙasa, iyalinsa suna tsoronsa. A unguwa sai a ce aljanu ne, ko a ce ƙwaya ce. Likitoci sun san wannan ciwo, yana da suna a littattafansu tun 1980, kuma muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a nan kan hanyar Baga. Duk jadawalin da bai sa shi a ciki ba, rabin jadawali ne. Na biyu shi ne na 'yan ƙato da gora, samarin da suka tashi a 2013 suka tsaya tare da soja har aka kori masifar daga cikin gari. Nakiya ba ta tambayar lambar aiki. Su dokar fanshon soja ba ta san da su ba, abin da suke samu ya dogara ne ga alherin gwamnatin jiha. Alheri abu ne mai kyau, amma gwamna yana sauka, doka ce take zama.

Kafin a kai ga duk wannan, ga 'yar shawara ga iyalan da abin ya shafa. Duk takardar da ta shiga hannunku, ta asibiti ce ko ta sallama ko ta albashi, ku yi mata hoto a waya, ku aika wa wani ɗan'uwa a wani gari ya ajiye, domin ambaliyar 2024 ta koya mana cewa akwati ba ma'aji ba ne. Ku rubuta rana da wurin da aka samu raunin, da sunayen abokan aikin da suka shaida. Duk koken da za ku kai ku kai shi a rubuce, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar gwamnati kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma neman takardar lafiyarka ba tona sirrin tsaro ba ne. Mai buƙatar ƙafa ko hannun roba kuma ya sani akwai cibiyar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka buɗe a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020.

A 2023 wani sojanmu da ya rasa ƙafa a yaƙin nan na arewa maso gabas, Peacemaker Azuegbulam, ya ci lambar zinare a wasannin Invictus a Jamus, muka yi ta murna. A watan Mayu na 2024 Yarima Harry ya ziyarci majinyata a asibitin 44, aka yi ta ɗaukar hoto. Kowace 15 ga Janairu kuma manya suna ajiye furanni, a saki tattabaru, a manna 'yar alama a ƙirji. Ban raina ko ɗaya ba. Amma diyyar nakasa bashi ce da ƙasa ta ci, kuma ko a kasuwar Monday ba a barin wanda ake bi bashi ya zama shi ne alƙali, shi ne mai ajiye littafi, shi ne kuma mai cewa an biya. Idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi ina sojan da aka hana zai kai ƙara, ku ga ko yana da amsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Sai mun sake haɗuwa.